Wai Ingilishina na Najeriya ne

"Ingilishinka na Najeriya ne, ɗana. Mu irin na Landan muke biɗa."

Abin da shugaban kwamiti ya ce mini ke nan jiya a garin Tawa, wurin jarrabawar ɗaukar tafinta. Tambaya goma aka yi mini, na amsa tara daidai, ta goman lokaci ne ya ƙare. Wata bakwai da gama karatuna a Sakkwato can Najeriya, wannan ne karo na farko da aka kira ni gwajin aiki.

Na ce, "Ranka ya daɗe, su wa za a yi wa tafintar?"

"Injiniyoyin da za su gina rijiyoyi a Affala."

"Daga ina sunka taho?"

Ya duba takarda. "Legas da Fatakwal."

Ba wanda ya ko yi murmushi. Yau da safe aka liƙa sunan wanda ya samu aikin, ba nawa ba ne.

Ban ce wanda aka ɗauka bai cancanta ba, amma wallahi raina ya ɓaci. Jama'a, harshen da ya zaga duniya haka, wa ya ce har yanzu mutanen Landan kaɗai ke da shi?