Mitwalli Mai Tatsar Dafi

Mitwalli maƙwabcina ne a ƙauyenmu da ke gefen Fayyum, inda gonaki suke ƙarewa rairayi ya fara. Bango ɗaya ne tsakaninmu tun shekara talatin da ɗaya. Ni malamin makaranta ne, shi kuwa macizai yake kamawa, sana'ar da ya gada wurin ubansa. Da hantsi zai fita da sanda mai ƙugiya da buhun zane, ya bi sawun gamsheƙa ko kububuwa har bakin raminta. A bayan gidansa akwai wani ɗaki cike da akwatunan katako. A nan yake tatsar dafi: ya damƙe kan macijin, ya sa shi ya sari bakin kofin gilashi, ruwan ya riƙa ɗiga rawaya-rawaya. Duk wata yakan kai Alƙahira wurin masu haɗa allurar saran maciji. Yatsansa na tsakiya a hannun hagu guntu ne, kububuwa ce ta cinye shi tun yana saurayi, kuma bai taɓa jin haushinta ba. "Ni na yi garaje," haka yake cewa.

Matarsa Awatif mace ce mai kawaici, ta iya miyar lalo fiye da kowa a layinmu. 'Yarsu ɗaya, Samah, tana aure a Iskandariyya. Da Awatif ta haura hamsin sai jikinta ya fara ba ta wahala. Zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, maƙogwaro ya shaƙe, ko ƙullin ɗankwali ba ta iya jurewa a wuyanta. In ta yi ƙorafi sai Mitwalli ya ce ta sha shayin na'a-na'a, ya saɓa buhunsa ya fita. Ba mugunta ba ce. Shi dai ciwon da bai ga kumburinsa ba, bai san yadda ake jinyarsa ba.

Samah ce ta ɗauki uwar ta kai ta wurin wata likita a can Iskandariyya. Ta dawo da 'yar kwalba mai fararen ƙwayoyi ƙanana kamar riɗi, tana sa uku a ƙarƙashin harshe kowace safiya. Bayan mako biyu ta ce ta ji dama-dama.

Rannan da la'asar Mitwalli ya shigo wurina da kwalbar a aljihun jallabiya.

"Ustaz, karanta mini wannan. Rubutun Turawa ne, kuma Maman Samah ta ƙi faɗa mini ko mene ne."

Na sa tabarau, na duba kwalbar da takardar da ke naɗe da ita, na yi ta ƙoƙarin danne dariya.

"Baban Samah, dafin maciji ne."

Ya dube ni. "Wane maciji?"

"Wani ne daga dazukan Kudancin Amurka."

"Wato ni ina da macizai arba'in a ɗakin baya, ko kallon ƙofarsu ba ta yi, amma na baƙi take sha da sassafe."

Dariyar ba ta je ko'ina ba, don nan take fuskarsa ta canza. Mutumin da ya ga yadda dafi yake ruɓar da nama ba zai yarda a sa wa matarsa shi a baki ba. Ya ce ranar komawa wurin likitar da shi za a je.

Shi da bakinsa ya ba ni labarin tafiyar. Likitar tsohuwa ce mai suna Madiha, ɗakinta a hawa na uku. Ta yi masa bayani cewa ɗigo ɗaya na dafin ake zubawa cikin ɗigo ɗari na ruwa a girgiza, a ɗebi ɗaya daga ciki a sake zubawa cikin wani ɗarin, haka har sau talatin, sannan a jiƙa ƙwayoyin sukari da shi.

"Likita, ki gafarce ni," in ji Mitwalli. "Ni na san dafi, ga hannuna. In kofina na wanke sau talatin, a ciki zan ba jikana ruwa. Babu maciji a kwalbar nan. Sukari kika sayar mana."

"Likitoci da yawa haka suke faɗa, Hajji, kuma ba zan yi gardama da kai yau ba. Tunda ka zo, zauna. Da matarka zan yi magana."

Ya zauna a kujerar kusurwa yana juya hularsa. Likitar ta riƙa tambayar Awatif abubuwan da shi bai taɓa tunanin ana tambaya ba: yaushe shaƙewar take farawa, yaushe take sakinta, me take tunani a lokacin. Awatif ta ce da Mitwalli ya ja ƙofa ya fita take farawa. Ta ce ko ruwa ba ya wuce mata da kyau sai ta ji tarinsa a bakin layi. Ta ce tun ranar da aka kawo wani abokin aikinsa a bayan mota an lulluɓe shi da bargo, shekara ashirin ke nan, duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta ɗauka gawarsa aka kawo. Ta faɗi duk wannan ba tare da ta waiwaye shi ba.

"Sa'a ɗaya da rabi, Ustaz," ya ce mini. "Matar da nake ci daga hannunta tun ina da gashi. Ban san tana da wannan maganar a ciki ba."

Kafin su tashi likitar ta auna jinin Awatif, ta ɓata fuska, ta rubuta musu takarda zuwa asibiti. A can aka ce hawan jini ne, kuma ya daɗe. Aka ɗora ta a kan magani.

A jirgin ƙasa suna dawowa ya tambaye ta don me ba ta taɓa faɗa masa ba.

"Da na faɗa, da me za mu ci?" ta ce.

Bai bar sana'ar nan take ba. Ya fara da daina shiga sahara mai nisa, ya sayi waya yana kiranta da azahar, ko da ba shi da abin faɗa sai tambayar me aka dafa. Ƙwayoyin kuwa bai taɓa yarda da su ba. Kullum sai ya tsokane ta: "Hajiya, kin sha sukarinki?" Ita kuma ta ce, "Na sha, ya fi shayinka aiki." Amma in sun ƙare shi ne yake kiran Samah ta aiko da wasu, kuma shi yake tsayawa a kanta sai ta haɗiyi na asibiti.

Shekara biyu bayan haka idonsa ya fara rauni. Wata gamsheƙa ta kusa samun sa a wuyan hannu, ya san ba don ta yi sauri ba ne, shi ne ya yi nawa. A makon nan ya sayar wa wani ɗan'uwansa akwatunan, ya karɓi hayar ƙaramin fili ya shuka tumatir. Tumatirinsa ba ya kyau, manoma suna yi masa ba'a yana ramawa.

Har yanzu in maciji ya sari wani a gona, wurinsa ake fara rugowa ya faɗi irinsa. Bara da girbin alkama aka kawo masa wani magidanci ƙafa a kumbure. Ya duba wurin saran, ya hana su tsagawa, ya shiga motarsu da kansa ya raka su asibiti, ya gaya wa ma'aikatan kububuwa ce. Mutumin ya tashi. Da ya warke ya kawo wa Mitwalli agwagi biyu, aka yanka ɗaya ranar Juma'a, aka kira ni muka ci tare.