Jirgina da Zafin Inji

Ranar wata Asabar ce cikin bazarar shekarar da na gama firamare, Nguru ta ɗauki zafin da ko kaji sun buɗe baki a gindin randa. Ina zaune a zauren gidanmu gaban tsohuwar kwamfutar da babban wana, Yaya Bukar, ya zo da ita hutu daga makaranta, na riƙe sandar tuƙi da hannu biyu. Jirgin yaƙina, irin na da mai farfela, yana bin na abokin gaba, na tura totur har ƙarshe, na danna maɓallin ƙarin ƙarfi na ƙi saki. Ina dab da cim masa sai baƙin mai ya fantsamo a gilashi, hayaƙi ya turnuƙe, farfela ta tsaya cak. Yaya ko kallona bai yi ba ya ce, "Yagana, kin sake dafa injin. Tashi."

Dokarsa ke nan: wanda jirginsa ya faɗi ya ba da kujera. Shi kuwa idan ya hau sai ya yi ta shawagi har Inna ta sauke tuwo. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wahalar da nake sha kafin in samu wannan ɗan zaman. Sai na share tsakar gida, na cika randuna, na kai niƙa, na yanka wa awaki ciyawa, sannan in zauna jiran a kawo wuta, wadda ba ta da alƙawari. Duk wannan don in tashi sama in ƙone kafin gumina ya bushe.

Yaya kuma ba ya gajiya da wa'azi. Ya nuna mini agogon zafin ruwa da na mai, ya ce idona kada ya bar allurarsu. "Ƙarin ƙarfi na gudun ceton rai ne, ba na yawo ba," haka yake faɗa kullum. Ya ce in buɗe murfin lagireto iska ta shiga. Na buɗe shi gaba ɗaya, jirgin ya koma tafiyar amalanke, aka biyo ni ta baya aka harbo ni. Na rufe, inji ya tafasa. Da na ce masa wanda ya ƙera wasan nan mugu ne, sai ya yi dariya ya ce in matsa.

Ana cikin haka aka tura ni Gashua taya Goggo, ƙanwar babanmu, cirar albasa a fadama. Yaran gidan suna wanka a bakin kogi suna langa, ni ina tsugune tsakanin kunyoyin albasa ina lissafin inda zan tsayar da totur. Da na dawo, saura kwana ɗaya Yaya ya koma da kwamfutarsa.

Ranar na hau a hankali, murfi rabi a buɗe. Da aka biyo ni na danna ƙarin ƙarfi na ɗan lokaci, na tsere, na saki, na ga allura ta sauko da kanta. Ban harbo kowa ba, amma ga filin saukarmu can ya bayyana, inji yana kaɗawa lafiya. Na sauke tayoyi. Sai kwamfutar ta yi ɗif ta mutu, alhali ga fanka tana juyawa a sama. Yaya ya taɓa bayanta ya janye hannu da sauri, ita ma zafi ya kayar da ita. Na ce ai a rubuta na sauka. Ya ce, "Taya ba ta taɓa ƙasa ba." Na yi kuka har Inna ta fito da muciya a hannu tana tambayar wa ya mutu. Washegari ya ɗaure kayansa ya hau mota.

Yanzu 'ya'yana suna tuƙa jirage a waya, jiragen da ba sa zafi, ba sa gajiya, in sun faɗi a take su miƙe, ba mai jiran wuta ko kujera. Yaya Bukar ya yi furfura, zauren ya zama shago, amma duk sallar da muka haɗu sai na tayar da maganar, shi kuma har yau bai janye ba. Haushin bai bar ni ba, kuma ba na so ya bar ni.