Sunan Yahuza Mai Inji a Waƙa ta Bakwai

Duk wanda ya taɓa kai niƙa unguwar Yalwawa ta Dutse ya san Yahuza mai inji. Shi ne dogon mutumin nan da garin dawa ya mayar wa da gira da gemu fari tun kafin furfura ta iso da ƙafarta. Daga Miga ya zo Dutse yana saurayi, a shekarar da aka yi jiha, da ƙullin kayansa da wata 'yar rikoda mai cin batir huɗu. Mahaifinsa ya so ya zauna ya riƙe gona da 'yan tumakin gida, shi kuwa ƙarfe yake so, abin da ke juyawa yana ƙara. Ya yi shekara bakwai yana yi wa wani aiki kafin ya kafa nasa injin a wata rumfar kwano, ya auri Rabi'atu, Allah ya ba su 'ya'ya mata uku, duk sun yi aure yanzu.

Bayan sallah da iyali, abu ɗaya ne ya cika zuciyar Yahuza, wato waƙar Modibbo Ɗan Laraba. Modibbo mawaƙi ne da ya haɗa garaya da kiɗan zamani, yake yi wa manomi da makiyayi da direban tasha waƙa da murya mai ɗan kaushi, irin ta wanda ya daɗe yana kiran shanu a fili. Yahuza ya haddace waƙoƙinsa kaf, har da wuraren da yake tsayawa ya ja numfashi. Da kaset ya fara, ya koma faifai, ya koma memori. Matsalar ita ce inji ba ya barin kowa ya yi magana, balle waƙa. Sai ya samo dabara: ya cusa iyafis a kunnuwa biyu, ya murɗa ƙara har ƙarshenta, inji na ruri a waje, Modibbo na ruri a ciki, tun hantsi har la'asar.

"Malam, kunnen nan aro aka ba ka," in ji Rabi'atu. "Wata rana za a zo karɓa."

"Kafin a zo, Rabi, na cika shi da abin kirki."

Ranar da ta fi kowace girma a rayuwarsa ta zo ne a wani biki a unguwar Takur. Modibbo na tsakiyar waƙa, fili ya cika maƙil, sai janareto ya yi tari biyu ya mutu. Masu biki suka ruɗe, mai janareto ya ja igiya har hannunsa ya sage. Yahuza ya ratso taro, ya tuɓe rigarsa ta fita, ya durƙusa, ya kwance fulogi ya goge, ya busa tiyon mai da bakinsa. Ja ɗaya ya yi, wuta ta dawo. Modibbo ya sa aka kawo shi gaba, ya ɗaga hannunsa mai baƙin mai sama a gaban jama'a, ya tambayi sunansa da garinsu.

"Yahuza mai inji, ɗan Miga," ya faɗa a lasifika. "Ku zama shaida. Albam ɗina mai zuwa, da sunanka zai fito."

A wurinmu in mawaƙi ya kira sunan mutum a waƙa, ya ba shi abin da ba ya tsufa. Manya suna ba da mota da gida don a yi musu haka. Shi Yahuza da fulogi ɗaya ya samu. Ya dawo gida yana tafiya kamar ƙasa ta yi laushi, kuma tun daga ranar ya fara jira. Burinsa bai wuce ya ji wannan murya mai kaushi ta furta sunansa ba, ko da sau ɗaya.

Albam bai fito ba. Ciwon maƙogwaro ya kama Modibbo, ya koma Kano jinya, ya yi shiru. Shekara ta bi shekara har sha ɗaya. A cikin waɗannan shekaru ne aka zo karɓar aron da Rabi'atu ta faɗa. Kukan tsuntsaye ne ya fara tafiya. Daga nan kiran sallar masallacin nesa, sai muryar Rabi'atu in tana ɗaki shi yana tsakar gida. Tsirkiyar garaya ta bi su, ganga ce ta ƙarshen sallama. Likita ya leƙa da fitila, ya rubuta masa a takarda cewa jijiyar ji ta mutu. An gwada masa na'urar saƙalawa a kunne, ba ta kawo komai ba sai wani fito mai sa ciwon kai.

Kunya ta kama shi, irin wadda ba ya iya faɗa wa kowa. Ya daina ɗaga waya, daga baya ya jefa ta a akwati. Ya daina zuwa taron ƙungiyar masoyan Modibbo, tun ranar da ya ga yana gyaɗa kai alhali an daɗe da kashe waƙar. Duniyarsa ta koma gida da masallaci da rumfar inji. Baki biyu kawai yake iya karantawa da ido: na Rabi'atu, da na amininsa Uwaisu mai faci, wanda rumfarsa ke kallon tasa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Uwaisu ya tsallako titi da gudu, ya kama kafaɗunsa, ya buɗe baki a hankali.

"Ya fito, na Miga. Albam ya fito."

Yahuza ya kashe inji da mata uku a layi. Da idonsa ya ga garin yana saurare. Masu A Daidaita Sahu suna wucewa suna kaɗa kai iri ɗaya. A shagon masu tura waƙa a waya, mutane sun yi cincirindo kowa da memori a tsakanin yatsu. Wani tela ya bar ƙafarsa a kan keke bai taka ba. A rumfar Uwaisu tsofaffin 'yan ƙungiya sun taru a kan benci da tsofaffin tayoyi, an ajiye sifika a kan jarka. Suka matsa masa wuri. Musu ya riga ya kaure.

"Muryar ta tsufa," in ji Sani direba. "Wannan ai kakan Modibbo ne."

"Kai da ba ka tsufa ba, ina haƙoranka na gaba?" Uwaisu ya mayar masa. "Shekara sha ɗaya kana kuka bai fito ba, ya fito kuma kana kuka."

"Kiɗan ma duk na kwamfuta ne, garayar can ƙasa kamar an rufe ta da kwano."

"To rufe bakinka mu ji ta."

Yahuza bai ji ko ɗaya ba. Yana dai bin fuskoki, yana dariya in an yi dariya. Ya ɗora tafin hannunsa a kan sifika, yana jin bugun ganga yana shiga ƙashinsa. Duk lokacin da bugun ya tsaya wata waƙa ta ƙare, sai ya dubi Uwaisu, Uwaisu ya girgiza kai. Ta ɗaya, ta biyu, har ta shida. Ta bakwai ta zo da bugu mai nauyi, a hankali, kamar tafiyar raƙumi. Can tsakiyarta sai ya ga duk fuskokin sun juyo gare shi lokaci guda. Sani direba ya cire hularsa ya mayar. Wani ya sunkuyar da kai. Uwaisu ya buɗe baki ya rufe.

"Ya kira ni?" Yahuza ya tambaya, da ƙarfin muryar wanda ba ya jin kansa.

Uwaisu ya dubi sauran, babu wanda ya taimake shi.

"Ya kira ka."

"Da Miga?"

"Da Miga."

Yahuza ya miƙe ya rungume shi, gari ya zuba a rigar Uwaisu. Ya tsallaka ya sayo goro da alewa ya bi kowa da su. Suka karɓa suna kallon ƙasa, shi kuwa ya ɗauka hassada ce irin ta abokai, har ya zolayi Sani cewa ya je ya koyi gyaran janareto. Da ya shiga gida ya tarar Rabi'atu ta riga ta ji a wayar maƙwabciya. Idonta ya yi ja. Ya ce mata kukan murna ma kuka ne, ta yi abinta.

Washegari da hantsi yana tsaye a kan inji, fari fat daga kai har ƙafa, wata motar haya ta tsaya a ƙofar gidansa. Mutanen Miga ne suka fito, su shida, yayarsa Adawiyya a gaba tana jan mayafi tana salati. Rabi'atu ta fito da gudu tana nuna musu rumfa. Yahuza ya kashe inji ya tako yana murmushi, a zatonsa barka suka zo yi masa. Da Adawiyya ta ga farin mutum ya nufo ta, sai ta ja da baya ta zauna daɓas a ƙasa. Sannan ta rarrafo ta kama ƙafarsa, ta matsa, ta sake matsawa, tana kuka tana dukansa a gwiwa.

"Yaya, lafiya?" yake ta tambaya. "Wa ya rasu?"

Rabi'atu ce ta ja hannunsa zuwa zaure, ta zaunar da shi inda haske ke faɗa wa fuskarta, ta yi magana a hankali yadda ta saba.

"Malam, waƙa ta bakwai ta mamata ce. Masoyansa da suka rasu yake yi wa addu'a."

Ya daɗe yana kallon bakinta.

"Faɗa mini yadda ya ce. Kada ki rage komai."

Ta faɗa masa, kalma bayan kalma: "Yahuza mai inji, ɗan Miga, ka tayar mini da wuta a Takur, na zo biya na tarar ka tafi. Allah ya haskaka kabarinka." Ta ce daga nan 'yan amshi suke cewa amin, sau uku.

Uwaisu ne ya binciko yadda aka yi. Da Modibbo ya samu sauƙi ya fara shirin albam, ya sa a nemo masa Yahuza mai inji na Dutse. Aka kira lambarsa, a kashe. Aka tambayi wani ɗan ƙungiya da ya koma Kano, ya ce ya shekara biyar bai gan shi a taro ba. Aka aiko mutum Takur, tunda can aka yi bikin, ya tambayi Yahuza mai inji, aka nuna masa gidan wani Yahuzan, shi ma mai injin niƙa, wanda ya rasu shekara biyu da suka wuce. Mu da muke kiran mutum da sana'arsa, wa zai tsaya tambayar sunan uba? Ɗan aike ya yi wa iyalan gaisuwa ya koma da labari.

A ranar Litinin Uwaisu ya samu yaron Modibbo a waya, daga nan aka haɗa shi da Modibbo kansa. Uwaisu ya ce tsohon ya yi salati ya fashe da kuka, ya ce a ba shi Yahuza. Aka miƙa wa Yahuza wayar. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya manna a kunnen dama, ya mayar hagu, ya danna har kunnen ya yi zafi. Modibbo Ɗan Laraba yana kiran sunansa, shi da bakinsa, Uwaisu na tsaye yana jiyo muryar tana fita ta gefen wayar. Yahuza ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe. Na gode. Ina nan." Ya yi ta maimaitawa har Uwaisu ya taɓa shi ya nuna masa an daɗe da katsewa.

"Me ya ce?"

"Ya ce ka yafe masa. Ya ce waƙar ta riga ta shiga wayoyin duniya, ba mai iya kamo ta. In Allah ya ba shi murya, zai gyara a albam na gaba."

Yahuza ya fara ƙirga shekarun da ya jira wannan albam ɗin a yatsunsa, ya bari.

Mutanen Miga suka kwana biyu suka koma da buhun geron da suka kawo na sadaka, Rabi'atu ta hana su barinsa. Har yanzu akan samu baƙo ya zo Yalwawa yana tambayar gidan marigayi, a nuna masa rumfa. Waƙa ta bakwai kuwa ita ta fi kowace karɓuwa. Ana sa ta a tasha, a shagon aski, a gidan biki in an gaji da rawa, kuma duk inda aka zo wurin sunansa, mutane sukan amsa amin tare da 'yan amshi, har waɗanda suka kawo masa niƙa da safe.

Da la'asar in ya kashe inji ya yi wanka, yakan zauna a tabarma a tsakar gida. Uwaisu ya ba shi wata ƙaramar sifika, ita yake dannawa a ƙirjinsa da hannu biyu. Rabi'atu na gefe tana tsince shinkafa, wayar na kan cinyarta. Bugun mai nauyi yakan shiga haƙarƙarinsa, ya rufe ido yana jira. In an zo wurin, sai ta ajiye tire ta taɓa gwiwarsa da yatsa. Yakan riƙe numfashi, ya ƙara danna sifikar, ya karkata kai kamar mai leƙen rijiya.

Sannan ya buɗe ido ya dubi bakinta.

"Ya wuce?"

"Ya wuce, Malam."

"Mayar da shi baya."