Maƙwabcin gadona da ban tambayi sunansa ba

Salamu alaikum. Wata biyu kun ji ni shiru, har wasu sun ce na yi kuɗi na manta da mutane. Ina fa! Kwance nake.

Da masassara ta fara, na yi ta shan magani a gida, har na faɗi a bakin shago. A asibiti nan Gaya aka ɗibi jinina, aka ce taifot ce. Aka ɗaura mini ƙarin ruwa.

A gadon kusa da ni akwai wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, da ciwo ya kayar a hanya. Ƴan tasha da suka kawo shi Dogo suke ce masa, ni ma na bi su. Kwana huɗu muna shan kunun matata Hadiza a kwano ɗaya.

Rana ta biyar, da hantsi, ya cika ina kallo.

Majo, babban malamin jinya, ya zo da takardar mutuwa. “Malam, mene ne sunansa na yanka? Ɗan ina ne?”

Ban sani ba. Ƴan tasha ma ba su sani ba, haka mai motar. Babu ko takarda a aljihunsa, wayarsa kuma a kulle.

“Da zafin nan ba za mu iya ajiye shi ba,” in ji majo.

Hadiza ta sayo likkafani, limamin tasha ya yi masa wanka, aka kai shi bayan la'asar. Ni ko tashi zaune na kasa. Na juya fuska bango na yi kuka.

Na roƙi majo ya bar mini wayar, Hadiza tana sa mata caji. Kwana uku tana gefen matashina.

Sai ta yi ƙara. Na ɗauka. Muryar tsohuwa: “Haruna, ka iso? Shiru haka?”

Na miƙa wa Hadiza, ita ta faɗa mata.

Yau na warke, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa majo da ƴan tasha, da Hadiza da ta ɗauki abin da na kasa.

Ƴan'uwa matafiya, ku rubuta sunanku da lambar gida a takarda, ku sa a aljihu. Wanda kuka ci kwano ɗaya da shi kuma, ku tambayi sunansa.

Haruna yake. Uwarsa tana raye. Ku sa su a addu'a.