Baƙar Kyanwar Barira

Duk wanda ya san bakin ruwan Yelwa ya san Barira mai bandar kifi. Tun mijinta na da rai take wannan sana'a, hayaƙi ya rina mata ido, ya ƙara wa bakinta kaifi. 'Ya'yanta duk sun yi aure, sai ita da wata kyanwa baƙa wuluk da ke tsare mata kifi daga ɓera.

Sai ruwa ya yi rowa, masunta su fita su dawo da jirgi wayam. Maimakon su dubi ragarsu mai ƙananan ido da ke kwashe har 'ya'yan kifi, wai laifin kyanwar Barira ne, an ga ta tsallake taru, wato babbar ragarsu, inda aka shanya. Da hantsi sai ga Magaji, ƙanen mijinta, riƙe da buhu, mutane na biye. Mu nan ba a kashe kyanwa, ana tsoron alhaki. A jirgi ake ƙetarawa da ita a yar da ita a waccan gaɓar.

"Matar yaya, ki yi haƙuri," in ji shi. "Mussag ga ta tsaida muna arziki."

Ni maƙwabciyarta ina wurin, wallahi ta ba ni tausayi. Amma ta dake, ta ce Malama Christiana mai sayen kifinta ta taɓa nuna mata a waya yadda mutanen Tailan, masu shinkafar nan, ke kallon kyanwa tun zamanin kakanninsu.

"Can, baƙa wuluk ita at ta arziki. Mai ratsi-ratsi su ka gudu. Magaji, wace iri ta gidanka?"

Kowa ya san kyanwar Magaji. Mai ratsi ce, kuma a kan ƙafarsa take barci.

"In za a ƙetara da tawa, a haɗa da taka," ta ce. "Buhun ya ishe su."

Aka kwashe da dariya. Magaji ya shiga kame-kame, ya ce ai duk camfi ne, liman ma ya sha faɗa. Ya naɗe buhunsa ya yi gaba, sauran suka bi shi.

Sai da suka ɓace ta zauna a kan turmi. Ta dube ni ta ce, "Balaraba, da sun tai da ita, da wa zan yi magana in gari ya waye?"