Maficin da na hura gawayi da shi

A bazarar 2014 Alƙahira ta koyi ɗauke wuta kamar ta je Kano ta yi karatu. Ina ɗauke da cikin fari, muna hawa na biyar a unguwar Arba wa Nus, maigidana kullum yana jami'a. Da fanka ta tsaya, sai in zauna ina zufa ina tsine wa duk wanda ya ce mini Masar ƙasar waje ce.

Mutum ɗaya nake da ita a ginin nan, maƙwabciyata 'yar Sin. Musulma ce, mijinta ajinsu ɗaya da nawa. Larabcinta na littafi ne, nawa na kasuwa, amma muna fahimtar juna. Ita ke raka ni awo, ita ke kawo mini romo in na kasa cin komai. Ban da ita, da na yi wata biyu ban buɗe baki da mace ba.

Wata rana ta tarar da ni ina fifita da murfin tukunya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Yalla, ukhti, gobe sai kasuwar Ataba, mu nemo miki mafici."

Ni a sanina mafici mafici ne, na kaba, a saya a ƙofar gida, ya mutu a sake wani. Ita kuwa sai da ta zagaya da ni kasuwar nan har ƙafafuna suka kumbura. Duk wanda muka ɗauka, na naɗewa irin na ƙasarsu, sai ta buɗe shi a hankali kusa da kunnenta, ta ce mai kyau ba ya ƙara. Ta shafa sandunan ta ji ko gora ce ko roba aka yi wa fenti. Ta duba ƙusar da ta haɗe su a ƙasa. Ta ɗaga shi sama ta ga ko gam ya ɓata takardar. Ta shinshina. Sannan ta ajiye. Masu shago suka fara harararmu, ni ma raina ya soma ɓaci. Na ce mata, "Baiwar Allah, iska nake nema, ba miji ba." Ta ce duk na banza ne, kwana uku za su yi. Na ce ai daga garinku suka zo. Muka dawo hannu rabbana, ina ta cika ina batsewa a cikin mota.

Da yamma ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta miƙo mini wani abu naɗe a ƙyalle. Mafici ne, gorarsa ta yi duhu ta yi santsi saboda riƙo, takardarsa fara mai kauri, da baƙin zane manya-manya na alƙalamin gashi. Ta ce babanta ne ya rubuta da hannunsa ya ba ta ranar da za ta taho. Na yi godiya, na kalli zanen sau ɗaya, na ce a raina rubutunsu ne na Sinanci, wa zai iya. Ban tambaye ta abin da aka rubuta ba.

Kai, maficin nan yana da iska. Na kore ƙuda da shi, na sosa baya da shi, in barci ya kwashe ni ya faɗi ƙasa in taka shi da safe.

Bayan sati biyu na gayyace ta cin tuwo, don in rama alheri. A wajenmu ba a karɓar baƙuwa mai daraja ɗaki ba ƙamshi, don haka na ɗauko kasko da gawayi zan sa turaren wuta. Gawayin ya ƙi kamawa. Na durƙusa a gabanta, na buɗe maficinta, na shiga fifita da ƙarfi, har ina nuna mata yadda yake aiki, ina cewa tamam, kin ga bai karye ba. Toka ta tashi, tartsatsi ya ci gefensa.

Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar. Ta fizge shi daga hannuna, ta hure tokar, ta goge shi da gefen mayafinta, ta sumbace shi ta ɗora a goshi. Gabana ya faɗi, don na san abin da ake yi wa haka. Ta ɗan karkata shi, ta sa yatsa daga dama tana bi a hankali, tana karanta mini. Ga ba, ga sin, ga mim. Bisimilla ce, cikakkiya, da Larabci, an ja haruffan ne irin jan hannun mutanensu. Tartsatsin ya huda takardar daf da sunan Allah.

Ni da na sauke Alƙur'ani tun ina 'yar shekara goma sha uku. Ni da nake yi wa yaran ginin faɗa in sun yar da takarda mai Larabci a matakala. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce ma'alish, wato ta yi haƙuri, na ce wallahi ban sani ba, na yi istigfari, na sake cewa ma'alish, har kalmar ta fara ba ni kunya ita ma.

Ba ta zage ni ba. Ta ce, "Na zaci kin karanta. Babana sai da ya yi alwala kafin ya rubuta shi." Ta naɗe shi, ta sa a cikin rigarta. A garinmu karɓe kyauta abin gori ne, amma na bar ta da abinta. Ta ci loma biyu don kada ta ɓata mini, ta tafi.

Ba mu yi faɗa ba. Muna gaisawa a matakala, da na haihu ma ta aiko mijinta da romo. Amma har suka koma ƙasarsu ba ta sake taka ɗakina ba.