Littattafan Awo na Magdalina Shekwolo

Magdalina Shekwolo 'yar manoman doya ce daga wani ƙauye a bayan Bosso. Mishan suka koya mata karatu, suka tura ta koyon aikin ungozoma. A 1961 ta dawo Minna, ta kama aiki a wani ƙaramin asibitin haihuwa mai gado takwas, kusa da kogin Chanchaga. Gajera ce, mai ƙarfin hannu, ba ta da yawan magana.

A shekararta ta farko wata mata ta haihu lafiya a hannunta, ta ɗan zubar da jini, kafin la'asar ta rasu. Abin ya tsaya wa Magdalina a rai, domin jinin bai kai ya kashe mutum ba. Sai ta tuna ta taɓa ganin cikin idon matar fari fat kamar auduga. Ashe tun can jinin jikinta ya yi ƙasa.

Daga ranar, duk mai cikin da ta zo awo sai Magdalina ta ja fatar idonta ta duba. In ta ga fari, ta rubuta sunan matar da ƙauyensu da watan da ta zo, a littafin 'yan makaranta. A hankali ta lura abin ya fi kama masu cikin fari, ya fi yawa a ƙarshen damina, musamman a ƙauyukan bakin ruwa inda sauro ke damun mutane.

A 1969 Likita Ndayako, wani Banufe mai koyar da ɗaliban likita a Zariya, ya sauka a jirgin ƙasa da akwatin kayan gwajin jini. Bincike ya zo yi kan ƙarancin jini ga masu ciki. Da Magdalina ta ji abin da yake nema, sai ta ɗauko littattafanta guda bakwai ta ajiye a gabansa. Ya daɗe yana buɗe su shafi bayan shafi.

"Sista, wa ya sa ki wannan aiki?"

"Ba kowa, Likita. Na ga in ban rubuta ba zan manta."

"Abin da na zo nema a wata uku, kin yi shekara takwas kina tara shi."

Gwajinsa ya nuna zazzaɓin cizon sauro ke cinye jinin. Suka shirya ba masu ciki ƙwayar zazzaɓi duk mako, da ta ƙarin jini. Amma mata suka ƙi sha, wai magani mai ɗaci yana zubar da ciki.

Lokacin Magdalina ma tana da cikin wata biyar. Ran kasuwa ta tafi rumfar masu nono, ta zauna kusa da Rekiya, wata Bafulatana mai cikin fari wadda ko ƙwaryarta da ƙyar take saukewa don haki. Magdalina ta jefa ƙwayar a baki a gaban kowa, ta kora da nonon da Rekiya ke sayarwa.

Rekiya ta dube ta ta ce, "To, Adda, in na gan ki da cikinki kasuwa mai zuwa, ni ma zan sha."

Kasuwa ta zagayo, Magdalina ta zo da cikinta. Rekiya ta sha, sauran suka biyo baya. Da kaka su biyun suka haihu, kwana tara tsakani, kowacce ta tashi lafiya.

A 1972 mujallar likitoci ta iso ta gidan waya. Ga sunan Likita Ndayako a kan binciken, ga na Magdalina a gefensa. Wasiƙar da ya haɗo da ita ta ce ana karantar da ɗalibai binciken, kuma akwai aiki a Zariya in tana so. Magdalina ta karanta Turancin a hankali, har ta gano an yi kuskure a sunan wani ƙauye. Ta rubuta masa gyaran, ta yi godiya, ta ce Zariya ta yi wa gonar mijinta Yona nisa. Sai ya riƙa turo mata ɗalibai biyu-biyu duk damina, su yi wata guda suna koyo a wurinta.

Ranar da mujallar ta zo, Yona ya yanka zakara, aka yi sakwara. Maƙwabta suka yi ta miƙa wa juna mujallar, kowa sai ya goge hannunsa kafin ya karɓa.